Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne? Abin da mata baƙar fata suka sha a cikin gwagwarmayar mata a Amurka

Tambaya: "Malama, a wani kwas da muke yi an taɓo tarihin gwagwarmayar haƙƙin mata a Amurka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mata baƙar fata ke kukan cewa ƙungiyoyin mata ba su tafi da su ba, har suka ware suka kafa nasu. Ba ciwon 'ya mace na 'ya mace ne ba? Me suke fama da shi wanda farare ba sa fama da shi? Ko dai raba kai ne kawai?"

Ƙanwata, na daɗe ina koyar da wannan tarihin, kuma kusan kowace shekara sai an yi mini irin tambayar nan, sau da yawa ma da wannan karin maganar da kika kawo. Karin maganar gaskiya ne, amma akwai ɗan'uwansa da ya kamata a ajiye kusa da shi: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari in fara miki da wata shari'a, don ita ce ta fi fito da abin fili.

A 1976 wata kotun tarayya a birnin St. Louis ta yanke hukunci a ƙarar da mata biyar baƙar fata suka shigar a kan kamfanin motoci na General Motors. Wadda sunanta ke kan ƙarar ita ce Emma DeGraffenreid. Kafin 1964, shekarar da aka yi dokar hana wariya a wurin aiki, kamfanin bai ɗauki baƙar mace aiki ba. Da aka fara ɗaukarsu, sai tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1970, aka zo rage ma'aikata bisa ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya. Wa ya zo ƙarshe? Waɗanda aka daɗe da rufe wa ƙofa. Sai aka kwashe su. Da suka je kotu, aka ce musu ai kamfanin yana ɗaukar mata tun da daɗewa, don haka babu wariyar jinsi. Gaskiya ne yana ɗauka, amma farare. Batun wariyar launin fata kuma aka ce su je su haɗa da wata ƙarar da ke gaban kotu a kan hakan. Alƙalin ya ƙi yarda su haɗa biyun wuri ɗaya, yana ganin doka ba ta tanadi wani rukuni na musamman mai suna "baƙar mace" ba. Wato dole kowaccensu ta zaɓa: ko ta shigo kotu a matsayin mace, ko a matsayin baƙar fata. Abin da ya same ta kuwa bai samu farar mace ba, bai kuma samu baƙin namiji ba.

Wannan shari'ar na cikin waɗanda wata malamar shari'a, Kimberlé Crenshaw, ta yi nazari a kansu a 1989, inda ta fito da kalmar "intersectionality" da yanzu ta cika littattafanku. Ni a aji ina ce mata "mararraba", don misalin da ita kanta ta bayar ke nan. Mace na tsaye inda tituna biyu suka haɗu, mota ta buge ta. Mai kula da titin farko ya ce motar daga ɗaya titin ta fito, mai kula da na biyu ya ce a'a daga wancan ne, ita kuwa tana kwance cikin jini ba wanda ya ɗauke ta. In kin riƙe wannan, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi: a bakin ƙungiyoyin mata, in an ce "mace" farar mace ake nufi, mai rufin asiri, a bakin ƙungiyoyin baƙar fata, in an ce "baƙar fata" namiji ake nufi.

Tushen abin yana cikin bauta. A 1662 mahukuntan Virginia suka yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko da ubangijinta ne ya yi cikin. Kin san a fiƙihun da muka tashi a kai ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, har sarauta yana yi. Ban kawo wannan don in wanke bautar da aka yi a ƙasarmu ba, tana da nata munin; na kawo ne don ki ga abin da waccan dokar ta haifar. Mutum zai iya yi wa baiwarsa fyaɗe, ta haihu, ya kai ɗan cikinsa kasuwa. Haihuwarta ta zama hanyar ƙara dukiya, kamar ta saniya. A daidai lokacin da ake koya wa farar mace cewa ita mai rauni ce, a killace ta a gida, a riƙe mata hannu in za ta hau keken doki, baƙar mace tana gandun auduga da bulala a bayanta, da goyo ko da tsohon ciki. Don haka da farare suka tashi neman 'yanci, abin da suke son kuɓuta daga gare shi killacewa ce da shagwaɓa ta dole. Baƙar mace ba a taɓa killace ta ba, ba a ma taɓa yarda cewa ita mace ce da ta cancanci kariya ba.

A nan ne ake kawo Sojourner Truth, tsohuwar baiwa mai fafutukar 'yanci, da jawabinta na 1851 a taron mata na garin Akron, a jihar Ohio. Tabbas an karanta muku shi, da amshinsa mai cewa "Ni ba mace ba ce?" Amma akwai abin da ba kasafai ake faɗa ba, kuma ni ya fi jawabin kansa koya mini darasi. Rubutun da ya shahara wata farar mace ce da ta shugabanci taron, Frances Gage, ta fitar da shi a 1863, shekara 12 bayan an yi maganar. Ta sa wa Truth karin harshen bayin kudu, alhali an haife ta ne a jihar New York, harshenta na farko kuma na mutanen Holan ne. Ta sa ta ce ta haifi 'ya'ya 13, alhali biyar aka sani. Rahoton da wata jarida ta buga makonni kaɗan bayan taron babu wannan amshin a cikinsa. Gage masoyiyarta ce, ba maƙiyiya ba. Sai dai ta gyara ta ne ta dace da hoton baiwar da masu karatu farare suke da shi a ka. Ita kuwa ainihin matar, tun a 1828 ta kai farar fata kotu ta ƙwato ɗanta da aka sayar zuwa Alabama ba bisa doka ba.

Batun ƙuri'a shi ne inda ɓarakar ta fito sarari. Bayan yaƙin basasa, masu neman 'yancin bayi da masu neman haƙƙin mata suna tafiya tare. A wani taronsu na 1866 a New York, marubuciya Frances Ellen Watkins Harper ta miƙe ta ce wa farare: ku kuna maganar haƙƙoƙi, ni ina maganar zalunci. Ta ba su labarin yadda aka kwashe kayanta bayan rasuwar mijinta, abin da kowace gwauruwa za ta gane, sannan ta ƙara da yadda ake hana ta zama a motar haya a Philadelphia, abin da ba wata farar mace a zauren da ta taɓa gani. Da aka zo gyaran tsarin mulki na 15, wanda ya bai wa maza baƙar fata ƙuri'a a 1870 ya bar mata duka a waje, tafiyar ta tsage. Fushin su Elizabeth Cady Stanton, fararen jagororin neman ƙuri'ar mata, yana da hujja, an yi musu alƙawari an saɓa. Amma kalaman da ta yi amfani da su na ƙasƙanci ne: yaya za a bai wa jahilan tsofaffin bayi da baƙin haure ƙuri'a a bar mata masu ilimi? Daga baya kuma, don a samu goyon bayan jihohin kudu, manyan ƙungiyoyin suka riƙa nesanta kansu da baƙaƙen mata, wasu ma suna tallata ƙuri'ar mata a matsayin hanyar ƙara rinjayen farare.

Ranar 3 ga Maris 1913 aka yi babban jerin gwanon mata a Washington. 'Yar jarida Ida B. Wells ta zo daga Chicago tare da tawagar jiharta ta Illinois, sai aka ce mata ta koma baya inda aka ware wa baƙaƙe, kada ran matan kudu ya ɓaci. Ta ƙi. Ta ɓace cikin 'yan kallo, sai da tawagar Illinois ta zo wucewa ta fito daga gefen titi ta shige tsakanin ƙawayenta farare biyu, ta ci gaba da tafiya. A 1920 aka ce mata sun samu ƙuri'a, kuma haka ake rubutawa har yau. A jihohin kudu kuwa, inda mafi yawan baƙaƙen mata suke, harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu da barazanar kisa suka ci gaba da tare su. Da suka kai kuka ga jam'iyyar mata ta su Alice Paul a 1921, aka nuna musu wannan matsalar launin fata ce, ba ta mata ba. Shekara 42 bayan an ce mata sun samu ƙuri'a, a 1962, Fannie Lou Hamer ta je yin rajista a Mississippi. Mai gandun da ta yi wa aiki shekara 18 ya kore ta, shekara mai zuwa kuma aka yi mata dukan da ya nakasa mata ƙoda a gidan yari. Sai da dokar zaɓe ta 1965 ta zo sannan ƙuri'ar ta zama gaskiya a hannun irin su Hamer.

Sai aiki. Gwagwarmayar shekarun 1960 ta samu ƙarfi ne daga littafin da Betty Friedan ta fitar a 1963, kan matar aure mai digiri da ke zaune a gida a unguwar masu hali, tana jin rayuwarta na tafiya a banza. Maganin da aka ba ta shi ne ta fita ta yi aiki. Ciwon na gaske ne, ban raina shi ba. Amma ki tsaya ki ji yadda wannan kiran zai faɗa a kunnen matar da kakarta da uwarta da ita kanta ba su taɓa hutawa da aiki ba. A 1940 kusan shida cikin goma na baƙaƙen mata masu aiki aikatau suke yi a gidajen mutane. A shekarun 1930, a unguwar Bronx ta New York, suna tsayawa a bakin titi da sassafe riƙe da 'yar jakar kayan aiki, matan gida farare su zo su duba su, su taya, su ɗauki wadda ta fi arha ta yini guda. Ella Baker da Marvel Cooke da suka rubuta rahoto a kai a 1935 kasuwar bayi suka kira wurin. Dokar fansho ta 1935 da ta mafi ƙarancin albashi ta 1938 duka sun tsame 'yan aikin gida da ma'aikatan gona, wato daidai sana'o'in da baƙaƙen mata suka fi yawa a ciki. Sai 1974 dokar albashin ta kai ga 'yan aikin gida. Shi ya sa marubuciya bell hooks ta yi tambayar da ta zauna daram: idan waɗannan matan suka fita ofis, wa za a kira ya kula da gidan da yaran? Ga baƙar mace da yawa, 'yanci shi ne ta samu ta zauna ta raini nata 'ya'yan maimakon na wata.

Inda zan ɗan daɗe shi ne batun jiki da haihuwa, don a nan ne buƙata ɗaya take juyewa ta zama kishiyar kanta. Ke 'yar arewa ce, kin san yoyon fitsari, kin san abin da yake yi wa mace da aurenta. To aikin gyaran da ake yi yau yana da tarihi mai ɗaci. Tsakanin 1845 da 1849, wani likita a Montgomery ta jihar Alabama, J. Marion Sims, ya koyi ɗinke yoyon ne a jikin bayi mata da iyayen gijinsu suka ba shi. Sunaye uku kawai suka rage a rubuce: Anarcha, Betsey da Lucy. Anarcha kaɗai an yi mata aiki kusan sau 30, ba maganin kashe zafi. Baiwa ba ta da bakin cewa e ko a'a. An yi wa Sims mutum-mutumi a New York a matsayin uban ilimin cututtukan mata, sai a 2018 aka ɗauke shi daga wurin.

A ƙarni na 20 abin ya sake kama. Ita wannan Fannie Lou Hamer, a 1961 ta shiga asibiti a cire mata ƙari, likita ya cire mata mahaifa bai tambaye ta ba. Abin ya yi yawa a yankinsu har ta laƙaba masa suna na ba'a, wai aikin afendis irin na Mississippi. A 1973, a Montgomery ɗin nan dai, aka juya wa wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya mahaifa, Minnie Lee Relf mai shekara 14 da Mary Alice mai 12, a wani asibitin tsarin iyali da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya. Uwarsu ba ta iya karatu ba; alama kawai ta yi a takarda, tana zaton allurar tazarar haihuwa za a ci gaba da yi musu. Jihar North Carolina kaɗai ta hana mutum kusan 7,600 haihuwa tsakanin 1929 da 1974, kuma a shekarun ƙarshe na shirin baƙaƙen mata ne suka fi yawa.

Yanzu ki duba ɗaya ɓangaren. A wannan zamanin, farar mace mai hali da ta gama haihuwa tana roƙon likita ya juya mata mahaifa yana ƙi, sai in ta tara 'ya'ya da shekaru. Don haka da baƙaƙen mata da matan Latin suka nemi a sa dokar jira na kwana 30 tsakanin sa hannu da yin aikin, da bayani cikin harshen da mace ke ji, wasu manyan ƙungiyoyin tsarin iyali da na mata suka yi adawa, suna ganin wannan shinge ne a gaban zaɓin mace. Kowa na cewa jikina nawa ne. Ɗaya tana nufin a bar ta ta daina haihuwa, ɗaya tana nufin a bar ta ta haihu. An dai sa dokar jiran a ƙarshen shekarun 1970. A 1994 kuma wasu baƙaƙen mata 12 suka haɗu a Chicago suka tsara abin da suka kira adalci a harkar haihuwa: haƙƙin ƙin haihuwa, haƙƙin haihuwa, da haƙƙin rainon ɗa a unguwar da ba za a harbe shi ba.

Har gobe ba a gama da wannan ba. Alƙaluman hukumar daƙile cututtuka ta Amurka na 2021 sun nuna cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙen mata kusan 70 ke mutuwa, farare kusan 27. Na san za ki ce ai namu ya ninka haka, kuma gaskiya ne, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya sa Najeriya sama da 1,000. Amma tazarar ake dubawa, a ƙasa ɗaya da asibitoci ɗaya. Kuma talauci kaɗai bai bayyana ta ba, don hukumar ta gano baƙar mace mai digiri ta fi farar da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa a dalilin ciki. Serena Williams, da duk kuɗinta da sunanta, ta ba da labarin yadda bayan haihuwarta a 2017 ta ce tana jin alamar gudan jini a huhu, ciwon da ta sani a jikinta, sai da ta nace aka yi hoton, aka kuma same shi.

Batun fyaɗe shi ma fuska biyu gare shi, kuma a nan ne baƙar mace take shiga halin gaba kura baya sayaki. A jihohin kudu, zargin taɓa farar mace shi ne hujjar da ake kafawa a rataye baƙin namiji a bishiya ba shari'a. Ida B. Wells ta bi labaran kashe-kashen ɗaya bayan ɗaya tun 1892, ta nuna cewa a mafi yawansu ko zargin fyaɗen ma ba a yi ba. Sakamakonta shi ne aka farfasa ofishin jaridarta a Memphis. A gefe guda kuma, fyaɗen da farare ke yi wa baƙaƙen mata kusan ba a hukunta shi. A 1944, a garin Abbeville na Alabama, wasu samari farare suka tare Recy Taylor tana dawowa daga coci, shida daga cikinsu suka yi mata fyaɗe. Wadda aka aiko ta binciki lamarin ita ce Rosa Parks, shekara 11 kafin maganar kujerar bas da aka fi saninta da ita. Sau biyu aka ƙi gurfanar da su. Sai a 2011 majalisar jihar ta nemi gafararta. To idan ƙungiyar mata ta ce maganin dukan mata da fyaɗe shi ne a ƙaro 'yan sanda a tsananta ɗauri, baƙar mace za ta yi jim. Tana son kariya, amma ta san 'yan sandan da za ta kira na iya kashe mijin, ko ɗan, ko ita kanta, kamar yadda aka harbe Breonna Taylor a cikin gidanta a Louisville a 2020.

Kada kuma ki ɗauka a gida an raga musu. A babban taron Washington na 1963, inda Martin Luther King ya yi jawabinsa, mata ne suka yi ɗawainiyar gangamin shekara da shekaru, amma ba a bai wa ko ɗaya damar yin cikakken jawabi a cikin babban shirin taron ba. Dorothy Height tana kan dandamalin, ba ta yi magana ba. Macen da ta fito ta ce wani ɗan'uwa baƙar fata ya ci zarafinta kuwa, sai a ce ta tona asirin gida, ta tsaga bango ƙadangare ya samu wurin shiga. Haka Anita Hill ta gani a 1991 da ta ba da shaida a majalisar dattawa a kan Clarence Thomas, wanda za a naɗa alƙalin kotun ƙoli. Shi ya kira zaman da rataya irin ta zamani, ya jawo tarihin maza baƙaƙe ya yafa, ita kuma ta koma kamar ba baƙar fata ba. Mata baƙaƙe kimanin 1,600 ne suka haɗa kuɗi suka sayi shafi a jaridar New York Times don su tsaya mata. Wannan matsin na "rufa mana asiri" ba sai na yi miki dogon bayani ba, kin san shi a gidajenmu.

To, raba kai ne? Ni ban gan shi haka ba. Wanda aka ce ya koma bayan layi, in ya je ya kafa nasa layin, ba shi ya raba tafiyar ba. Kuma ba su bar fagen ba. Tun 1896 suke da ƙungiyarsu ta ƙasa ƙarƙashin Mary Church Terrell. Lauya Pauli Murray na cikin waɗanda suka kafa babbar ƙungiyar mata ta NOW a 1966, shugabarta ta biyu ma, Aileen Hernandez, baƙar fata ce, ko da yake daga baya ta raba gari da su a kan wannan batun. Shirley Chisholm ta nemi takarar shugaban ƙasa a 1972, kuma ta sha faɗin cewa a siyasa kasancewarta mace ya fi kawo mata cikas fiye da launinta. A 1977 wata ƙungiya a Boston, wadda ta ɗauki sunan kogin Combahee inda Harriet Tubman ta jagoranci kuɓutar da bayi sama da 700 a 1863, ta fitar da sanarwar cewa launin fata da jinsi da talauci a sarƙe suke, ba a warware ɗaya a bar saura. Abin da ya fi yi musu ciwo a yau shi ne na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tarana Burke ta fara amfani da kalmar "ni ma" tun 2006 a aikinta da 'yan mata baƙaƙe da aka ci wa zarafi. Duniya ba ta ji ba sai a 2017 da taurarin fim farare suka ɗauka.

Abu ɗaya nake ja wa ɗalibaina kunne a kai. Akwai masu ɗaukar wannan tarihin su ce, kun gani, ai maganar haƙƙin mata ta Turawa ce, ku bar ta. Ba wannan matan nan suka ce ba. Wells ba ta koma gida ba, cikin jerin ta kutsa. Matan Afirka ma da suka yi ta sa-in-sa da Turawa a tarukan mata na Majalisar Ɗinkin Duniya, daga Meziko a 1975 zuwa Nairobi a 1985, cewa suke a sa bashi da ruwan sha da mulkin wariya na Afirka ta Kudu a jadawali, a kuma daina yi musu magana kamar yara. Mu nan arewa, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan ƙuri'ar da matanmu ba su samu ba sai 1976, bayan matan kudu sun daɗe suna kaɗawa.

Mu launin fata bai raba mu ba, don haka ba daidai ba ne a kwaso rigimar Amurka a dasa ta a Kano yadda take. Amma mararraba muna da tamu. Na taɓa zama a wani taron bita kan ƙarfafa mata a wani otal a Abuja, mai sanyin na'ura da ruwan roba a kan kowane tebur. Ana tsaka da muƙala kan ilimin 'ya mace, wata babbar 'yar boko da ke kusa da ni ta sunkuya da waya a kunne tana faɗa ƙasa-ƙasa: "Ke Ladidi, in na dawo ban tarar kin gama wankin nan ba, sai kin koma ƙauyenku." Da aka fita shan shayi na tambaye ta shekarun yarinyar, ta ce ba za ta wuce 13 ba, mai kawo yara ce ta kawo ta, kuɗin aikin ma uwarta ake aika wa. Ban ce mata komai ba, don a lokacin ni ma akwai wata a gidana, ita ta yi wa 'ya'yana wanka da safen nan ta raka su bakin motar makaranta, sannan ta dawo ta hau wanke-wanke.